Tsoron sabon ɗalibin tuƙin ƙaramin jirgin sama, da yadda ake sarrafa shi

Malamin da ya daɗe yana koyar da tuƙin ƙaramin jirgi ba ya jira ɗalibi ya ce masa yana jin tsoro. Hannunsa yake kallo. Mai jin tsoro yakan damƙe sitiyari da yatsu biyar har jijiyoyin bayan hannunsa su tashi, kafaɗunsa su ɗage, ƙafafunsa su danne fedoji biyun lokaci guda, idonsa ya kafe a kan agogo ɗaya, bakinsa kuma ya mutu. Mafi muni a ciki, yana jan sitiyarin zuwa ƙirjinsa kaɗan-kaɗan bai ma sani ba. Wanda ya taɓa ganin yaron da aka fara ɗorawa kan doki ranar hawan Sallah a Katsina ko Daura ya san wannan hannu. Doki na motsawa sai yaro ya tattare linzami ya ja da ƙarfi, doki ya ɗaga ƙafafun gaba, abin da yaron ke gudu shi ya jawo wa kansa. A jirgi ma ja baya ne ke ɗaga hanci, ɗaga hanci ke cinye gudu, gudun kuwa shi ke riƙe da fiffike.

Ba wanda zai iya hana gabansa faɗuwa ranar da ya fara ganin rufin kwano da gonaki sun ƙanƙance a ƙarƙashinsa. Abin da ake iya yi shi ne a hana tsoron sauka cikin hannu da ƙafa, sannan a juya shi zuwa inda yake da amfani. Domin sabon ɗalibi kusan kullum abin da ba ya kisa yake tsoro, abin da ke kisan kuma bai ma lura da shi ba.

Matasanmu da ke son wannan sana'a yawanci Zariya suke nufa, kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da aka kafa a 1964, ko kuma Ilorin, masu hali su wuce Afirka ta Kudu. Alƙaluman da zan kawo na Cessna 172S ne, don dangin 172 sun fi kowane jirgin koyo yawa a duniya, tun 1956 ake ƙera su. In Diamond DA40 kake hawa, irin na Zariya, lambobin sun bambanta, sai ka ɗauko su daga littafin jirginka. Gudun jirgi da not ake auna shi, not ɗaya kilomita 1.85 ne a awa, tsayi kuma da ƙafa.

A fara da hannu. A ƙasan totur akwai wani ɗan faifai mai juyawa da ake kira tirim, aikinsa ya ɗauke wa hannunka nauyin sitiyari. Yadda ake amfani da shi a jere yake: ka ajiye hancin jirgi inda kake so, ka daidaita wuta, ka jira gudu ya zauna, sannan ka juya tirim har ka daina jin sitiyari na ture hannunka ko yana jan sa. Gwajin da sauƙi, ka saki hannu gaba ɗaya. In jirgi ya ci gaba da tafiyarsa, tirim ya yi. An ƙera jirgin koyo ne yadda in iska ta ture shi zai nemi komawa mazauninsa da kansa, kuma ɗalibin da bai taɓa sakin sitiyari a sama ya ga hakan da idonsa ba zai ci gaba da zaton ƙarfin damtsensa ne ke riƙe da jirgin. Ka roƙi malam ya nuna maka wannan tun darasi na biyu. Yatsu uku sun isa riƙo. Wasu malamai sukan saƙala wa ɗalibi biro a tsakanin yatsu, in ya matsa ya ji zafi ya sassauta. Dabara ce mai arha, tana kuma aiki. Hannun da ya damƙe ba ya jin abin da jirgi ke gaya masa, gyaransa yakan wuce kima, sai hanci ya yi sama, a danna ya yi ƙasa, a sake ja, jirgi ya dinga rausaya, ɗalibi kuwa iska yake zargi.

Sai numfashi. Mai tsoro yakan yi numfashi da sauri sama-sama, ya zubar da iskar kabon da ke cikin jininsa fiye da kima. Alamarsa jiri, da ƙaiƙayi ko mutuwar yatsu da leɓe, da jin kamar numfashin ba ya isa, wanda ke ƙara tsoron. Maganinsa ka ja numfashi kana ƙirga huɗu, ka sake shi kana ƙirga shida ko takwas, sau biyar. Abin da ya fi wannan sauƙi shi ne magana. Ka dinga faɗar abin da kake yi da ƙarfi: gudu 74, tsayi 2,500, ƙwallon agogon daidaito a tsakiya, hagu ba kowa. Mai magana ba ya iya haki, kuma malam zai ji inda tunaninka ya tsaya.

Tashin zuciya kuwa ba ragwantaka ba ce. Ido na cewa a zaune kake, kunnen ciki na cewa ana jujjuya ka, ciki ya rikice. Yawancin mutane jikinsu na sabawa bayan 'yan darussa, musamman in ba a bar tazara mai tsawo a tsakani ba. Kada ka hau da yunwa, kada kuma ka cika ciki da ƙosai da waina masu maiƙo. Koko ko shayi da burodi awa ɗaya ko biyu kafin tashi sun wadatar, da gorar ruwa a kusa. In abin ya taso, buɗe mashigar iska ta bugi fuskarka, ka kai idonka nesa inda sama ta haɗu da ƙasa, ka daina sunkuyawa kan taswira, kuma ka karɓi tuƙin da kanka, don mai tuƙi ya fi fasinja samun sauƙi. Kada ka sayi ƙwayar hana amai ko ta mura a kemis ka sha ka hau, yawancinsu na sa barci da nauyin kai, sai da izinin likitan ma'aikatan jirgin sama. A watan azumi, in ya faɗo lokacin zafi, ka nemi darasin sassafe. Ƙishirwar la'asar tana rage kaifin tunani tun kafin mutum ya ankara.

Gargadar iska ita ce abin da ya fi tsorata sabon shiga, kuma a ƙasarmu tana da lokacinta. Daga hantsi rana ke gasa ƙasa, iska mai zafi ta dinga tashi ginshiƙi-ginshiƙi, a gefenta mai sanyi na sauka. Jirgi na ratsa su sai ya yi tsalle ya faɗa. Faɗawar da ɗalibi ke ji kamar an tsinke igiya, in ya dubi agogon tsayi zai ga ƙafa 20 ko 50 ce. Fiffiken 172 an ƙera shi ya ɗauki nauyin jirgin ninki 3.8, gargadar rana ta yau da kullum ba ta kusantar nan. Abin yi shi ne a rage gudu zuwa ƙasa da wanda littafi ya ƙayyade don iska mai gargada, not 105 in jirgi cike yake, ƙasa da haka in ba shi da nauyi, a riƙe fukafukai a daidai, a daina farautar allurar tsayi. Bar ta ta hau ta sauka. Darussan farko dai a yi su tsakanin fitowar rana da ƙarfe tara ko goma, lokacin iska na kwance.

Zafin yana da wani aikin da ɗalibi ya kamata ya sani tun a ƙasa don kada ya firgita. Filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'adua a Katsina yana kan tsayin ƙafa 1,600 da ɗoriya daga teku. A watan Afrilu, in zafi ya kai digiri 40, iska na yin sako-sako har inji da fiffike su ji kamar suna kan ƙafa 5,000. Jirgi zai ci titi mai tsawo kafin ya ɗaga, hawansa kuma ya yi nauyi. Wanda bai san dalili ba sai ya ɗauka inji ne ke mutuwa, ya ja sitiyari don ya tilasta wa jirgi hawa. Ba a tilasta shi. A ɗaga hanci a not 55, a hau a not 74, a karɓi abin da ranar ta bayar. Da ba shi wuta kuma hanci zai nemi karkata hagu saboda juyin farfela, sai a taka fedar dama. Wannan ma ba lalacewa ba ce.

Darasin sitol shi ne wanda ɗalibai ke kwana suna tunaninsa, yawanci don sun fahimce shi a karkace. Ba inji ne ke mutuwa ba. Fiffike ne ke fuskantar iska da kusurwar da ta wuce kima, wajen digiri 15 zuwa 16, sai iskar ta daina bin bayansa a miƙe, ɗagawar ta ragu. A 172S hakan na faruwa a wajen not 48 in filaf, wato ɓangaren bayan fiffike da ake saukewa don tafiyar sannu, na ɗage, not 40 in an sauke shi duka, fukafukai a daidai. Kuma ba ya zuwa bagatatan. Ƙarar iska za ta ragu, sitiyari ya yi laushi, ƙahon gargaɗi ya fara kuka not 5 zuwa 10 kafin lokacin, jikin jirgi ya ɗan yi rawa, sannan hanci ya faɗi. Gyaran: sassauta sitiyari gaba, wannan shi ne na farko kuma shi kaɗai ke kashe sitol, sai cikakkiyar wuta, a daidaita fukafukai, gudu na dawowa a ɗago hanci a hankali. In fiffike ɗaya ya faɗi kada ka yi saurin murɗa sitiyari don ɗago shi, hakan na ƙara dulmiyar da shi. Feda ake takawa a tsayar da karkatar har fiffiken ya dawo aiki. Tsayin da ake rasawa bai cika kai ƙafa 300 ba, malamai kuma sukan yi darasin a ƙafa 3,000 ko fiye daga ƙasa.

A ganina kuskure ne malami ya yi wa mai tsoro sitol sau ɗaya ya wuce don ya tausaya masa. Gara a fara da tafiyar sannu, a zauna a not 55 na wasu mintuna ana juyawa hagu da dama, sai malam ya yi sitol ɗalibi na bin hannunsa, sai ɗalibi ya yi da kansa, ya sake, ya sake, har abin ya gundure shi. Gundurar ake nema.

Inji kuma fa, in ya mutu? Wannan ita ce tambayar da Hajiya za ta yi maka a gida, kuma bai kamata ka yi mata ƙarya ba. Ƙaramin jirgi bai kai jirgin fasinja aminci ba. Amma mafi yawan hatsarinsa daga shawarar matuƙi yake fitowa, ba daga ƙarfe ba, wato akasarinsa a hannunka yake. Injin Lycoming na 172S mai ƙarfin doki 180 yana da fulogi biyu a kowace silinda, da maganeto biyu masu ba su wuta ba ruwansu da batir. Ko batir ya mutu inji na ci gaba da aiki. Kafin tashi ana kai shi juyi 1,800 a minti a gwada kowane maganeto shi kaɗai, kada juyin ya sauka fiye da 150, kada bambancin biyun ya wuce 50. Abin da ya fi kashe inji a sama mai ne, ko ya ƙare, ko ruwa ya shiga cikinsa. Shi ya sa ake hawa a buɗe murfin tanki a duba da ido, ba a dogara da agogo ba, a kuma tsiyayi mai daga kowace mazuba a ɗan kofi mai haske. Man jirgin shuɗi-shuɗi ne, ruwa ya fi shi nauyi, zai kwanta a ƙasan kofin ka gan shi. Da damina a ƙara kula. Ɗalibin da ya yi wannan binciken da hannunsa, yana bin takardar bincike layi-layi, tsoronsa ya ragu da dalili. Addu'ar hawa abin hawa tana da wurinta, bayan an tsiyayi man, ba a madadinsa ba.

In kuma ya mutun, jirgi ba ya faɗowa, saukowa yake yi a hankali. A not 68, kowace ƙafa 1,000 ta tsayi tana ba ka kusan kilomita 2.8 na tafiya. Daga ƙafa 3,000 kana da wajen kilomita 8 da kusan minti huɗu. Abu na farko gudu, ka kama 68 ka yi tirim. Na biyu fili. Sai bayan nan ka nemi dalili: makunnin mai na kan tankuna biyu, madaidaicin haɗin mai da iska a cike, famfon mai a kunne, maganeto duka biyu. In bai tashi ba ka yi kiran gaggawa a tashar da kake kai ko a tashar gaggawa ta rediyo, 121.5, ka sa lamba 7700 a na'urar da ke nuna ka ga rada. Dab da ƙasa ka rufe mai, ka kashe wutar lantarki, ka ɗaure bel tamau, ka ɓalle ƙofa don kada ta maƙale. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, wannan rahama ce, amma tana da tarkonta. Gonar gero ko dawa da rani, bayan an kwashe kara, tana saukuwa in ka bi kunya a tsaye. In ka gicciye ta ƙafar gaba za ta karye jirgi ya kife. Fadama da damina laka ce. Gawo da kuka da ɗorawa a warwatse suke cikin gonaki, sai ka zaɓi layin da ba su. Titin mota yana jan ido, amma turakun wuta da wayoyinsu ba sa ganuwa sai an zo kansu. Hayaƙi ko ƙura za su nuna maka inda iska ke fitowa, ka fuskance ta. A duk tafiya ka saba tambayar kanka, in ya mutu yanzu ina zan sauka? Bayan 'yan makonni ido zai dinga yi da kansa.

Wuri ɗaya ne mutuwar inji ba ta ba da lokacin tunani, wato jim kaɗan bayan tashi, hanci a sama, ƙasa a kusa. Nan dole a danna hanci ƙasa nan take, a sauka a abin da ke gaba, cikin digiri 30 hagu ko dama. Zuciya za ta ce ka juya ka koma titi. Juyowar ta kashe matuƙa da yawa, domin tsayin ba ya isa, kuma karkata na ɗaga gudun sitol. Shi ya sa ake faɗar wannan shiri da baki kafin a hau titi, kowane tashi, don in abin ya faru ba sabuwar shawara za a yanke ba.

Yanzu ga inda tsoron ya kamata ya koma.

Juyi na ƙarshe kafin sauka, a tsayin ƙafa 400 ko 500, ba ya tsorata kowa, don titi na gabanka, gida ya zo. Amma ga yadda abin ke faruwa. Iska ta turo ka ka wuce layin titi. Kana tsoron karkata jirgi sosai kusa da ƙasa, sai ka taka feda don ka jawo hanci, ka murɗa sitiyari ɗaya gefen don hana karkatar, hanci ya yi ƙasa, ka ja baya. Gudu ya zube, ƙwallon da ke nuna daidaito ya fice daga tsakiya, fiffiken ciki ya yi sitol shi kaɗai, jirgi ya kife ya fara wulwulawa. Fita daga wannan na iya cin ƙafa 1,000, kai kuwa rabinta gare ka. A karkatar digiri 45 gudun sitol na tashi daga 48 zuwa 57, a digiri 60 ya kai 68, wato daidai gudun da kake sauka da shi. Dokar ita ce kada karkata ta wuce digiri 30 a zagayen titi, wato zagayen da ake yi wa filin kafin sauka, ƙwallo a tsakiya, gudu 65 zuwa 70. In ka wuce layi, ka fasa saukar.

Fasa sauka ba ta da wuya: cikakkiyar wuta, fedar dama, ka tare hanci don zai nemi tashi da ƙarfi saboda tirim, filaf ya koma digiri 20, ka hau a not 60, ka janye sauran filaf kaɗan-kaɗan gudu na ƙaruwa. Abin da ke hana ɗalibi yin ta kunya ce. Hausawa na cewa tsoro na daji, kunya na gida, to shi ɗalibi yakan ɗauko kunyar gida ya shigo da ita cikin jirgi. Abokai na kallo daga bakin rumfar jirage, hasumiyar masu kula da zirga-zirgar jirage na ji, kuɗin awa na tafiya. Sai jirgi ya daki titi ya yi tsalle, ya danna hanci don ya manna shi, ƙafar gaba ta fara bugawa, tsalle na biyu ya fi na farko, na uku yakan karya ƙafar ko farfela ta ci kwalta. Tsallen farko in ya yi girma, wuta kawai, a sake zagaye. Minti shida ne ko bakwai. Ba malamin kirki da zai rage wa ɗalibi maki don ya fasa sauka. Yawan dukan titin ma daga ido yake. Mai tsoro yakan kalli kwaltar da ke gaban hanci, ƙasa ta taso masa da gudu, ya ja da wuri ko ya makara. Ka kai ido can ƙarshen titi, gefen ido zai ba ka tsayi.

Kunyar nan tana hana wani abu kuma. Tarbiyyarmu ba ta sakar wa yaro baki a gaban babba, sai ɗalibi ya ji jiri ko ya rikice, Kyaftin ya tambaye shi, ya ce lafiya lau. A cikin jirgi wannan ladabin cutarwa ne. "Malam, karɓi jirgi, kaina na juyawa" magana ce ta mai hankali. Miƙa tuƙi ma yana da ƙa'ida, ɗaya ya ce na ba ka, ɗaya ya ce na karɓa, na farko ya sake tabbatarwa, don kada a wayi gari kowa na zaton ɗan'uwansa ke riƙe, ko duka biyun na kokawa da sitiyari. Malamin da ke daka tsawa yana fizgar sitiyari ba bayani yana ƙara wa ɗalibi damƙa ne kawai. Ka nemi a sauya maka shi ta hanyar shugaban malamai, cikin mutunci. Abu ne da aka saba.

Hazo kuwa mun saba da shi har mun raina shi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar arewa maso gabas na kwaso ƙura daga Sahara, mai yawa daga kwarin Bodele a Chadi, wata rana nisan gani ya sauka ƙasa da mita 1,000 har manyan jirage su fasa zuwa Katsina ko Kano. Ƙa'idar tuƙi da ido na neman aƙalla kilomita 5, makarantu kuma sukan sa wa ɗalibi fiye da haka. Yaudarar hazo ita ce kana ganin ƙasa in ka leƙa a tsaye, amma gaba fari fat, layin da sama ta haɗu da ƙasa ya ɓace, musamman in kana fuskantar rana da safe ko da yamma. Layin nan kuwa shi ido ke daidaita jirgi da shi. In ya ɓace, kunnen ciki ke karɓar aiki, shi kuma maƙaryaci ne. In jirgi ya karkata a hankali ba ya ji, in juyi ya daɗe daƙiƙa 20 ko makamancin haka sai ya ce a miƙe kake, in ka gyara ya ce ka karkata ɗaya gefen. A wani gwaji da aka yi a Jami'ar Illinois ta Amurka a 1954, matuƙan da ba su koyi tuƙi da agogo ba sun rasa iko da jirgi cikin daƙiƙa 178 a matsakaici bayan an toshe musu ganin waje. Irin wannan ruɗewa ce binciken hukuma ya ɗora wa hatsarin da ya kashe John F. Kennedy ƙarami a 1999, cikin dare mai hazo a saman teku. In ka tsinci kanka a ciki, ka mai da ido kan agogon da ke nuna zaman jirgi, ka yarda da shi ko jikinka na ihun ƙarya ne, ka daidaita fukafukai, ka yi juyi mai laushi da karkatar fukafukai wajen digiri 15, minti ɗaya cif zai mai da kai inda ka fito, ka gaya wa hasumiya halin da kake ciki. Mafi sauƙi dai a karanta rahoton NiMet, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, a ƙasa a ce yau ba tashi. Hadarin damina ma haka, daga gabas yakan taso, iska da jar ƙura na riga ruwan isowa da nisa. Ana ba shi tazarar kilomita 37, ba a tsere da shi zuwa titi.

Rediyo na da nasa fargabar, don da Turanci ake yi, da sauri, kowa na ji. Tsarin kira ɗaya ne kullum: wa kake kira, kai wane ne, ina kake, me kake so. Ka shirya maganar a baki kafin ka danna maɓalli. Ka faɗa musu ɗalibi ne kai, za su sassauta. In ba ka ji ba ka ce a maimaita, kada ka amsa abin da ba ka fahimta ba. In aiki ya cakuɗe, tuƙi ne farko, sanin inda kake na biyu, rediyo na ƙarshe.

Abin da ya fi kowane rage tsoro a ƙasa ake yin sa, kuma kyauta ne. Ka zauna kan kujera a ɗaki, hoton allon agogon jirginka a gabanka, ka rufe ido ka yi zagayen titi daga tayar da inji har kashe shi, hannu na zuwa inda totur da filaf suke, baki na faɗar kiran rediyo da lambobi. Minti 15 kowane dare. Darasi biyu ko uku a mako sun fi guda ɗaya a wata, don mai tazara kullum sabon shiga ne, tsoronsa ma sabo. Kusan kowa yakan cije a darasin sauka, ya ga kamar baya yake ci. Wucewa yake yi. Amma in tsoron ya kai ga hana barci kwana da kwanaki, ko bugun zuciya da gumi tun a gida, a gaya wa malam da likita, a ɗan dakata. Haka nan ranar da kake zazzaɓi, ko ba ka yi barci ba, ko an yi rasuwa ko rigima a gida, ka soke darasin.

Ranar tashi kai kaɗai, wadda ga mutane da yawa ke zuwa tsakanin awa 10 zuwa 20 na koyo, ga wasu kuma fiye, malam ba ya sauka sai ya ga ka yi sauka mai aminci sau da yawa a jere bai taɓa komai ba, ka kuma fasa sauka da kanka ba a ce maka ba. Ka sa rai jirgi zai canza hali. Nauyin mutum guda ya fita, zai ɗaga da wuri, ya kai ƙafa 1,000 na zagaye kafin ka saba, a sauka kuma ya ɗan daɗe yana shawagi a kan titi kafin ya zauna. Kada ka danna shi, ka riƙe shi har ya sauka da ƙafafun baya. Ka ci gaba da magana da ƙarfi kamar malam na nan. Lasisin matuƙi mai zaman kansa, bisa ƙa'idar duniya, na neman awa 40, 10 daga ciki kai kaɗai, har da doguwar tafiya ta kilomita 270 da sauka a filaye biyu. A waɗannan awowin ne tsoro ke raguwa, ƙarfin hali ya fara wuce gwaninta. Tun kafin nan ku zauna da malam ku rubuta iyakokinka a kati: nisan gani mafi ƙaranci, iskar gefe mafi ƙarfi, wadda ya kamata ta yi ƙasa sosai da not 15 da littafin 172 ya ambata, man awa ɗaya da zai rage a tanki lokacin sauka ko da ƙa'ida rabin awa ta ce da rana, da ƙarfe nawa za ka kasance a ƙasa kafin magariba. Katin a aljihun riga yake zama, kuma ba a gyara lambobinsa a ranar tafiya, sai a zaune tare da malam.